Zanen Iya a Jikin Randa

Ragon Yaya ne ya fasa randar Baba. Yayanmu ya sayo shi tun da wuri yana kiwo saboda Babbar Salla, fari ƙal, ga ƙaho, ga rashin tarbiyya. Wata rana da hantsi ya tsinke igiya, ya zaga tsakar gidanmu na unguwar Lamisula a guje kamar an aiko shi, ya je ya yi karo da randar da ke gindin dalbejiya. Kafin labari ya iske ni a gidan mijina in tako in zo, matar Yaya, wadda tsabta ta yi wa yawa, ta share tsingaron kakaf ta ba masu kwasar shara. Abin da na tarar shi ne gurbi mai danshi a cikin yashi, da rago yana tuƙa kamar ba shi ba.

Randar ta girme ni, ta girmi Yaya. Mahaifiyarmu, da muke kira Iya, ita ta gina ta da hannunta tana amarya. Iya 'yar Kanuri ce daga cikin Yerwa, wato Maiduguri, gidansu gidan magina tukwane ne kaka da kakanni. Baba kuwa Bakano ne, tallan huluna ya kawo shi Maiduguri yana saurayi, ya ga Iya ya manta hanyar tasha. Ta rasu shekarun baya, shi kuma yanar ido ta rufe masa gani har sai ya lalubi abu yake sanin mene ne. Duk da haka bai taɓa yarda a ɗebo masa ruwa ba. Da sandarsa yake zuwa gindin dalbejiya, ya dafa cikin randar da hannun hagu, ya ɗaga faifai, ya cika moɗa, ya tsuguna ya sha.

Tun ranar da randar ta fashe Baba ya shiga yajin shan ruwa. Bai ce yaji yake yi ba, amma mun gani. Ruwan leda, ya ce warin roba yake yi. Ruwan firji, ya ce haƙoransa yake sara. Aka sa masa ƙanƙara, ya ce shi ba kifi ba ne. Sai kurɓin da zai haɗiye magani da shi, da ɗan shayin safe, a cikin zafin bazarar Maiduguri da ko ƙadangare ba ya son fita. Leɓunansa suka tsage, muryarsa ta shige ciki. Likita ya duba shi ya ce ƙodarsa ta fara ƙorafi, in bai sha ruwa sosai ba gado za a ba shi a riƙa ɗura masa ta jijiya. Baba ya ce a ɗura wa ragon.

Muka yi dariya a gaban likita, amma ni dai na tsorata ƙwarai. Uwa ɗaya na rasa, ban shirya rasa uba saboda tumkiya ba, ko mijinta.

Yaya, da laifi ke cinsa, ya je kasuwa ya ɗauko sabuwar randa. Muka wanke ta, muka turara ta da kajiji yadda Iya take yi, muka cika ta. Baba ya zo ya shafa ta sau ɗaya ya janye hannu.

"Wannan ai tulu ne ya yi ƙiba," in ji shi. Ya juya ya koma ɗaki.

Sai na ce to, ai jinin Iya bai ƙare ba. Na hau napep na nufi unguwar Galtimari wajen Inna, ƙanwar Iya, wadda har yanzu take ginin tukwane a bayan gidanta. Inna 'yar tsohuwa ce ƙarama, mai goro a kunci da baki kamar reza. Hausarta ta duniya ce: kowa "kai" ne a wurinta, har ni, in kuma ta ga dama ta kira Baba "ke". Saboda haka da Kanuri muke magana da ita, don a zauna lafiya. Da na ba ta labari ta yi dariya har da buga cinya, ta ce dama ta san Bakanon nan sai ya ba mu wahala kafin ya tafi. Amma a ranar ta jiƙa yumɓu.

Na zauna na ga yadda ake yi, karo na farko a rayuwata, don ni ban gaji Iya ba ta wannan fannin. Akwai wani ɗan rami mai kwari a ƙasa, kamar an danna ƙwarya an cire. Inna ta shimfiɗa tsohon buhu a ciki don kada yumɓu ya manne, ta ɗora curin yumɓu, ta ɗauki wani dunƙulen gasasshen yumɓu mai kama da kan taɓarya ta shiga dukan curin daga tsakiya. Tana duka tana juyawa, tana duka tana juyawa, sai ga ciki yana buɗewa, gefe yana tashi. Daga nan ta murza yumɓu kamar igiya ta ɗora kafaɗa, ta ɗora wuya, ta lanƙwasa baki da jiƙaƙƙen ganye. Ta goge jikin sumul da ɗan dutse. Da ta bushe aka gasa ta da kara da kashin shanu, ta fito ja jawur. Na rungumo ta a napep ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Baba ya dafa ta. Wannan karon bai janye hannu da wuri ba. Ya bi wuyan, ya bi kafaɗar, ya gyaɗa kai, har na fara murna. Da tafinsa ya sauko kan cikin sai ya tsaya.

"Ginin gidansu ne," ya ce a hankali. "Amma babu zanen uwarku a jikinta."

To, a nan ne ya kamata ku san sana'ata. Ni mai zanen lalle ce. Amaren Lamisula da na ƙetarenta a hannuna suke wucewa, kuma ba yabon kai ba, in na yi wa mace ƙunshi sai ta ƙi wanke-wanke har ya goge. Mutum ya ce "zane" a gabana, to ya taɓo ni. Na gyara zama.

"Baba, wane irin zane ne?"

"Wanda ta zo da shi daga gidansu."

"Yaya yake?"

"Ke Auta, bar shi. Ba za ku samu ba."

Ni? Ba zan samu ba? Na yi ƙoƙarin tuna jikin tsohuwar randar, abin kunya na kasa. Shekara da shekaru ina shan ruwanta, amma gansakuka da tsufa sun mayar da ita baƙa, kuma wa yake tsayawa kallon randa? Na koma Galtimari na juya wa Inna maganar da Kanuri, na ce Baba ya ce babu irin adon da Iya take zanawa. Inna ta ɗaga kai tana tunani, ta ce ita dai ba ta san yayarta da wani ado na daban ba, amma tunda ga gwana ta zo, bismilla.

Wayyo, ranar na ji daɗi! Inna ta gina, ni kuma na zaro tsinken kitso na durƙusa. Ban jira komai ba na dasa fure a tsakiyar cikin, sai yumɓun ya lotsa ya bi tsinken, furen ya koma kamar bakin jaki. Inna ta ce randa ba hannun amarya ba ce, sai an bari ta sha iska. Na bari ta sha iska, na tafi cin tuwo, na dawo na tarar ta sha ta ƙoshi, tsinke yana ɓantarar ta kamar ƙanzo. Ashe akwai wani ɗan lokaci a tsakani, ba ɗanye ba, ba busasshe ba, da yumɓu yake karɓar zane da fara'a. Sannan ga wata fitina: furen da ya zauna daidai a tafin hannu, in ka kai shi kan tulluwar ciki sai ya baje ya yi hamma, in ka kai shi wuya ya shaƙe. Inna ta dube ni ina gumi, ta rushe wata da ta fara, ta sake ginawa da kafaɗa mai faɗi don in sami wurin sakewa. Ta ce haka ake yi, mai gini ya san da zuwan mai ado, mai ado ya san inda mai gini ya bar masa.

Na cika randar nan da furanni, da ganye, da 'yan ɗigo-ɗigo, har da jelar ɗawisu. Mata maƙwabta suka leƙo suna guɗa, wata ta ce saura lefe. A wajen gashi, inda na zurfafa tsinke da yawa ya tsage, ruwa yana bin jelar ɗawisun yana ɗiga. Muka sake wata. Ita ta tsira, na kai ta gida ina taƙama.

Baba ya shafa, ya shafa, ya ɗago fuska.

"Kyanwa ce ta yaƙushe ta?"

"Baba, zane ne!"

Na ga bakinsa ya motsa kamar zai faɗi wani abu, sai ya haɗiye.

"Ba na uwarku ba ne," ya ce. "Nata ƙananan gidaje ne, a jere a jere. Da ratsi."

Aha, ga bayani ya fara fitowa! Na koma Galtimari. Na zana ƙananan gidaje a jere a jere, da ratsi, tun daga kafaɗa har gindi, har idona ya riƙa ganin gidaje a fuskar Inna. Baba ya taɓa ya ce sun yi girma. Na koma na ƙanƙanta su, na ari matsefin jikar Inna ina ja a tsaye ina ja a kwance. Ya ce sun yi kaifi, nata ba ya cizon hannu. A lokacin tsakar gidanmu ta cika da randuna, har masu wucewa suka fara sallama suna tambayar ko na sayarwa ne. Matar Yaya ta shuka na'a-na'a a ɗaya. An ɗaure ragon da igiya biyu a can bayan ɗaki, yana hango su yana haɗiyar yawu.

Dariya muke yi, amma Baba yana ƙara zubewa. Wata rana ya miƙe zai yi alwala jiri ya kwashe shi, Allah ya sa Yaya yana kusa. Na je wajen Inna na zauna a bakin ramin gininta na yi kuka sosai, na ce na gaji, hannuna ya kasa. Inna ta tofar da goro, ta yafa mayafi, ta ce in tashi, ita za ta je ta ji daga bakin mijin nata.

Mijinta take ce masa, don tsakanin mutum da ƙanwar matarsa wasa ne, kuma su biyun nan sun fi kowa iyawa. Tun daga zaure ta fara.

"Ke Alhaji! Kana nan ko ka mutu?"

"Lale, lale," in ji Baba daga kan tabarma, muryarsa a dushe amma fuskarsa ta washe. "Wushe," ya ƙara da gaisuwar Kanuri. "To, Har yau ba ki koyi Hausa ba?"

"Hausa naka me ya yi maka? Yaro ya gama yumɓu na Galtimari duka saboda kai." Ni ce yaron. "Faɗa mini, wane ado yayana ya yi wanda ni ban sani ba?"

Ta zauna dab da shi ta juya harshe zuwa Kanuri, ta ce ya amsa mata da yaren da ya yi zawarcin yayarta da shi, in dai bai manta ba. Baba yana jin Kanuri, irin na 'yan kasuwa, mai ƙamshin Kano. Ya yi ta kewaye-kewaye, tana tsare shi. A ƙarshe ya buɗe baki ya faɗi maganar nan da ya yi ta faɗa mini, amma da Kanuri. A Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da abin da ake zanawa da abin da ake ɗaurawa. A Kanuri kowanne da sunansa, babu inda mutum zai ɓuya. Abin da ya fito daga bakin Baba shi ne zanen ɗaurawa.

Inna ta waiwayo ta kalle ni. Sai ta dafe kai, ta kwanta a gefen tabarma tana dariya har da hawaye, tana nuna ni, ta kasa magana. Ni kuwa ina tsaye da baki buɗe, ina tuna jelar ɗawisu.

Da ta samu numfashi ta ba da labari. Ita ce 'yar zaman ɗakin Iya lokacin da aka kawo ta gidan nan. Amarya ta ga babu randar kirki, ta haƙa rami a gindin dalbejiyar nan tun bishiyar tana 'yar ƙarama, ta nemi abin shimfiɗawa ta rasa, don komai na ɗakinta sabo ne. Sai ta ciro saƙinta, zanen saƙar hannu mai kauri, baƙi da fari, mai ƙananan gidaje da ratsi, wanda ta zo da shi daga gidansu, ta shimfiɗa a ramin ta yi dukan yumɓu a kai. Kowane bugu yana buɗe cikin randar, yana kuma buga saƙar a bayanta. Gini da ado a tashi ɗaya, ba tsinke, ba fure. Ba ta goge ba, ta bar shi haka.

"Tsaya," in ji Inna, ta tashi zaune, dariyar ta ɗauke. Ta koma Hausa don kowa ya ji. "Wannan saƙi, ranar rabon kaya na nema, na nema. Na zargi mutane. Akwai wanda har yau ba na gaishe shi da kyau." Ta matsa kusa da Baba. "Ke Alhaji. Ina zane?"

Baba ya shiga laluben carbinsa.

"Kuma ka sani sarai yaro bai gane ba, ka bar shi yana yaƙushin tukunya!"

"Ni ban yi ƙarya ba," in ji Baba. "Zane na ce."

"Ina zane?"

Baba ya ajiye carbin. Sannan ya juya, ya sa hannu cikin rigar matashin da yake jingine da shi, ya zaro wani abu a ninke, ya ɗora a cinyarsa ya dafe da hannu biyu. Baƙin ya koɗe ya koma toka-toka. Daga inda nake tsaye na ji ƙamshin turaren wutar Iya, ko kuma hancina ne ya ƙaga, ban sani ba. Shekarun nan duka a kansa yake kwana, mu da muke wanke masa rigar matashi ba mu taɓa gani ba, don kullum da kansa yake cire ta ya miƙo.

"Ashe kai ne ɓarawo," Inna ta ce, amma a hankali ta faɗa.

Ta karɓi gefen zanen ta murza a yatsa, ta gaya masa gaskiya da Kanuri: zaren ya tsufa, in aka yi dukan yumɓu a kansa ba zai tashi da rai ba. Randa ɗaya zai iya, daga ita sai tsumma. Ko ya riƙe abinsa a matashi, ko ya sha ruwa. Na so in ce a bar masa, na tuna jirin nan, na kama bakina.

"A nan za a gina," in ji Baba. "A inda ta gina."

Washegari Inna ta zo da yumɓunta a napep. Aka gyara gurbin tsohuwar randar, Baba da kansa ya shimfiɗa zanen a ciki, yana lallashin ninkin da tafinsa. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno yana sauraron dukan, tim, tim, tim, Inna tana yi tana tsokanarsa, tana cewa da ta san haka yake da son mata da ta aure shi tuntuni. Muna ta dariya, har matar Yaya ta ƙona miya. Can sai muka ji wani ɗan sauti, kyat, zare ya tsinke. Baba ya runtse idon da ba ya gani da shi. Inna ba ta tsaya ba.

Da aka ɗago randar, ga su nan: ƙananan gidaje a jere a jere, da ratsi, sun lulluɓe cikin tun daga gindi, sun bi tulluwar ba wanda ya baje, ba wanda ya shaƙe. Duk wahalar da na sha da tsinke, ga shi zare ya yi ta ba da saninsa ba. Inna ta bar mini wuya sumul ta ce in sa hannuna, gidan nan ba a fita ba a taɓa yumɓu ba. Na jira ta sha iska daidai, na ja layi ɗaya siriri na kewaye wuyan, na ajiye tsinken. Ban taɓa yin zane mai ƙanƙanta haka ba.

Aka kai ta Galtimari aka gasa, Yaya ya riƙo ta a cinya har gida kamar jaririya. Muka wanke, muka turara, muka cika, muka bar ta ta kwana. Da hantsi ta fara gumi, danshi ya fito ta cikin gidajen nan har ta yi kamar jiƙaƙƙen zane a kan igiya.

Baba ya fito da sandarsa. Ya laluba wuyan, yatsansa ya faɗa cikin layina.

"Wannan fa?"

"Nawa ne, Baba."

"To, ba laifi. Kyanwar ta yi hankali."

Ya sauke tafinsa kan cikin. Ya ɗaga faifai, ya cika moɗa, ya tsuguna, ya kafa kai. Muna jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, ni da Yaya da matarsa da Inna, ba mai ko tari. Ya shanye, ya yi hamdala, ya sake cikawa.

Inna ta miƙo mini abin da ya saura na zanen, tsumma ja da yumɓu, duk huji, ta ce in wanke a ga ko za a sami abin ajiyewa. Baba ya ji. Ya sauke moɗar daga bakinsa, ruwa yana bin gemunsa, hannunsa na hagu yana nan a jikin randar.

"Ba wa Innarki, ta daɗe tana nema," ya ce. "Ni ga nawa nan."